Lasisin binciken zinare da dalma a yankin Yawuri: daga ina ake farawa?

Tambaya: Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa kamfaninsa ya samu lasisin binciken ma'adinai a kan fili mai murabba'in kilomita 40 a yankin Yawuri, Jihar Kebbi. Ya ce akwai ramukan masu haƙar gargajiya a cikin filin, an kuma kawo masa fararen duwatsu masu ɗigon zinare tare da wasu masu nauyi da ƙyalli irin na dalma. Ya kai ɗaya daga cikin duwatsun an gwada, aka ce masa akwai giram 60 na zinare a kowane tan. Abokan hulɗarsa suna matsa masa ya sayi katafila da injin niƙa da na wanki kafin damina ta sauka. Yana so ya san ta inda ya kamata ya fara, da kuma yadda zai gane ko filin ya cancanci a zuba masa dukiya.

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya alheri a cikin wannan nema. Shawarata ta farko ita ce ka dakatar da maganar katafila da injin niƙa, domin a yau babu wanda ya san yawan dutsen da za a niƙa, ko zurfin da yake, ko ma irin injin da zai dace da shi. Sayen kayan aiki a wannan hali cinikin biri a sama ne. Sakamakon giram 60 da aka ba ka yana iya zama gaskiya, amma labarin dutse ɗaya ne kawai, kuma dutsen da wani ya zaɓo da idonsa daga cikin dubbai saboda ya ga ƙyalli a jikinsa. Abin da kake bukatar sani shi ne matsakaicin zinaren da ke cikin dukkan dutsen da za ka fasa, mai kyau da maras kyau, da kuma tan nawa ne na irinsa a ƙarƙashin ƙasa. Dukkan aikin bincike, daga taswira har zuwa huda ƙasa, neman waɗannan lambobi biyu ne.

Kafin a kai ga dutse, ka fara duba takardarka. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa mallakar dukkan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Dokar Ma'adinai da Haƙarsu ta 2007 ita ce ta tsara yadda ake ba da izini ta hannun Ofishin Kadasta na Ma'adinai da ke Abuja. Lasisin bincike irin naka yana aiki na shekara 3, ana iya sabunta shi sau biyu, kowane na shekara 2, kuma faɗinsa ba ya wuce murabba'in kilomita 200. Ya ba ka damar shiga fili, ɗibar samfur, yin ramuka da huda ƙasa, amma bai ba ka damar haƙa don sayarwa ba. Wannan yana bukatar wata takardar daban, ko dai izinin ƙaramar haƙa na shekara 5 a kan filin da bai wuce murabba'in kilomita 3 ba, ko babban izinin haƙa na shekara 25. Saboda haka ko da katafilar ta iso gobe, sa ta aikin haƙa don sayarwa a kan wannan lasisi saɓa wa doka ne. Ka kuma kiyaye kuɗin shekara-shekara da rahoton aiki, domin a watan Nuwamba na 2023 ma'aikatar ma'adinai ta soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan wannan kuɗi. Sannan ka sa a bi kusurwoyin filin da na'urar GPS a ƙafa. Na sha ganin mai lasisi yana alfahari da ramukan zinare, da aka auna sai aka tarar ramukan suna cikin filin maƙwabcinsa da tazarar mita ɗari biyu ko uku.

Game da yankin kansa, ba a wurin banza ka nema ba. Yammacin Nijeriya yana da wasu dogayen zirin duwatsu masu falle-falle, waɗanda asalinsu laka ce da yashi da aman wuta, zafi da matsi suka gasa su. Zirin suna miƙewa ne daga kudu zuwa arewa da ɗan karkata gabas, kuma ana kiransu da sunayen garuruwan da suka ratsa: Zuru, Anka, Maru, Birnin Gwari, Kushaka, har zuwa Ilesha a kudu. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce ƙasar ta motsa ta tsattsage, ruwa mai zafi ɗauke da narkakkun ma'adinai ya bi tsagogin, ya bar farin dutsen nan da muke kira ƙanƙara a cikinsu, wani lokaci tare da zinare. Shi ne abin da masu haƙa ke kira jijiya. Zinaren Bin Yawuri da aka sani yana cikin zirin Zuru, a jijiyoyin ƙanƙara da ke kusa da inda dutsen falle-falle ya haɗu da wani dutse mai tauri da ya kutso daga ƙasa, kuma akan same shi tare da ma'adinan dalma da na jan ƙarfe. Tun a 1913 aka fara rubuta haƙar zinare a hukumance a ƙasar nan, ta kai ƙololuwa a shekarun 1930, sannan ta durƙushe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mafi yawan abin da aka samu a wancan zamani daga rairayin rafuka ne da saman jijiyoyi, ba a yi zurfi sosai ba. Sai dai kasancewa a yanki mai zinare bai sa kowane fili ya zama mahaƙa ba, kuma wani ɓangare mai yawa na Jihar Kebbi yana ƙarƙashin shimfiɗar dutsen yashi na kwarin Sakkwato, wanda ya rufe tsofaffin duwatsun gaba ɗaya. Dole a fara sanin a kan wanne filinka yake.

Wannan kuwa ana iya saninsa tun daga ofis da kuɗi kaɗan. Hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya, NGSA, tana da taswirorin duwatsu da tsofaffin rahotanni, tana kuma da bayanan awon da aka yi da jiragen sama tsakanin 2003 da 2010, inda aka auna ƙarfin maganaɗisun duwatsu da tururin da suke fitarwa a layuka masu tazarar mita 500. Wannan awo ba ya ganin zinare, amma yana nuna manyan tsagogi da iyakokin duwatsu ko da ƙasa ta rufe su. Idan masanin duwatsu ya ɗora wannan a kan hoton tauraron ɗan'adam, ya kuma ɗiga kowane ramin gargajiya a kai, sau da yawa sai a ga ramukan sun jeru a layi ɗaya, kuma layin ya hau kan wata tsaga da ta zarce inda ramukan suka tsaya. Wannan ci gaban layin, inda ba wanda ya taɓa haƙa, shi ne wurin da nakan fi sa ido.

Daga nan sai tafiyar ƙasa, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin ramukan da kake gani a matsayin damuwa su ne littafin farko da za a karanta maka. Masu haƙar gargajiya sun yi maka aikin da kamfani zai biya miliyoyi a kansa. Idan na isa irin wannan wuri nakan fara da gaida mai gari da shugaban masu haƙa, sannan in zauna a bakin rami in yi tambaya: a gaba nawa kuka tarar da jijiya, ina ta nufa, a ina ta yi kauri, a ina ta tsinke, buhu nawa kuke niƙawa ku samu giram ɗaya, me ya sa kuka bar wancan ramin? Amsar tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai. In sun ce ruwa ne ya kore su, ko dutse ya yi tauri ya fi ƙarfin guduma da kurfi, to mai yiwuwa jijiyar tana nan a ƙasa. In kuwa sun ce zinaren ne ya ɗauke alhali jijiyar tana nan, wannan gargaɗi ne. Ruwan sama na dubban shekaru yakan ruɓar da saman jijiya, ya wanke sauran ma'adinai ya bar zinare ya taru, har ƙwayoyinsa su yi girma, ta yadda mita 10 ko 20 na farko za su fi abin da ke ƙarƙashinsu albarka nesa ba kusa ba. Mutane da yawa sun yi lissafin arzikinsu da wannan saman, suka tarar ƙasan ba haka yake ba.

A cikin ramin da ya aminta a shiga, ba a tsintar dutse mai kyau a sa a jaka. Ana share bangon, a ja layi biyu da fenti a gicciye da jijiyar, tazarar kamar yatsu huɗu, a shimfiɗa leda a ƙasa, sannan a sassaƙe duk abin da ke tsakanin layukan da zurfi iri ɗaya, mita ɗaya jaka ɗaya. Ana haɗawa da dutsen gefe na dama da na hagu, kowanne a jakarsa, domin wani lokaci zinaren da ke warwatse a dutsen gefe, wanda masu haƙa ke zubarwa saboda ba sa ganinsa a kasko, shi ne ke mayar da siririyar jijiya ta zama abin da kamfani zai iya aiki a kai. Kowace jaka tana da lamba, an rubuta wurinta da faɗinta a littafi, an ɗaure ta a gaban mai binciken, kuma ba ta kwana a hannun wanda ke da riba in sakamako ya yi kyau.

Bari in nuna maka dalilin da ya sa ba na rawar jiki da giram 60. A ɗakin gwaji ana niƙe samfur ya zama gari, a ɗebi giram 30 ko 50 kawai a narka a wuta. Ƙwayar zinare guda mai faɗin rabin milimita nauyinta ya ɗan haura miligiram 1. In ta faɗa cikin giram 50 ɗin da aka ɗiba, ita kaɗai za ta sa a rubuta kimanin giram 25 a tan. In ta tsaya a sauran garin, sai a rubuta kusan babu. Dutse ɗaya, amsa biyu. Shi ya sa a jijiyoyi masu manyan ƙwayoyi, irin waɗanda suka yawaita a yankinku, ake ɗibar samfur mai nauyi, a maimaita gwaji, wani lokaci a tace garin a auna abin da ya tsaya a rariya daban. Ka kuma san cewa manyan mahaƙan duniya da yawa suna aiki ne da giram 1 zuwa 3 a tan, abin da ido ba ya gani sam, yawan dutsen ne ke biyan su. Tifa mai ɗaukar tan 30 na dutse mai giram 3 tana ɗauke da giram 90 ne kacal.

Sauran filin da babu ramuka kuwa, ƙasar sama ake tambaya. Ana yanka layuka a gicciye da inda jijiyoyi suka nufa, da farko tazarar mita 400 tsakanin layi da layi, ana ɗibar ƙasa kowace mita 50 daga zurfin kamar kamu ɗaya zuwa biyu, a ƙarƙashin baƙar ƙasar noma. A fili irin naka wannan zai kai samfur 2,000 in za a rufe shi duka, shi ya sa ake fara ɗibar laka daga ƙoramu don a rage wuraren da ba su da alama. Ana auna zinaren ƙasa da kashi cikin biliyan, kuma abin nema shi ne a ga lambobi masu ɗan tsawo sun jeru layi bayan layi har tsawon kilomita ko fiye. Lamba ɗaya tilo mai girma a tsakiyar babu ba ta cika nufin komai ba. Inda aka ga jerin, sai a matse tazara zuwa mita 100 tsakanin layi da layi, mita 25 tsakanin samfur da samfur. Akwai tarko a nan: ƙasar fadama da ta bakin Kwara ruwa ne ya kawo ta daga wani wuri, saboda haka zinaren cikinta ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinta, haka ma marmarar da ta gangaro daga tudu. A irin waɗannan wurare akan huda da ƙaramin inji har a taɓa ruɓaɓɓen dutse na asali, ko a ɗebi ƙasar suri, tun da gara tana hauro da ƙasa daga zurfi. An yi amfani da wannan dabara ta suri a ƙasashen Sahel da dama, kuma tana da arha. Kada a auna zinare shi kaɗai. A sa a auna asenik da dalma da tutiya da jan ƙarfe da azurfa, domin asenik musamman, wani sinadari mai guba da kan zauna tare da zinare, yakan bazu fiye da zinare ya nuna hanya. Ƙaramar na'urar XRF ta hannu tana karanta waɗannan nan take a daji, amma kada wani ya ce maka za ta auna maka zinaren cikin ƙasa ko dutse, ba ta da wannan kaifi.

Yanzu ga maganar dutse mai nauyi da ƙyalli. In launinsa toka-toka ne mai sheƙi, yana farfashewa gida-gida masu kusurwa huɗu, yana kuma barin baƙi a hannu, to galina ce, uwar dalma, wadda kimanin kashi 86 cikin 100 na nauyinta dalma ce, kuma sau da yawa tana ɗauke da azurfa. In ka ga kore ko shuɗi ya ɓata jikin dutse, alamar jan ƙarfe ce. Mai launin rawaya da ke ruɗin mutane kuwa, a karce shi da wuƙa: zinare yana da laushi, yana lotsawa, shi kuwa wancan yana da tauri, in an daka shi sai ya zama baƙin gari. Ana lissafin dalma da tutiya da jan ƙarfe da kashi cikin ɗari ne, kuma kasancewar farashinsu bai kama ƙafar na zinare ba, sai da tan mai yawan gaske da hanyar mota mai kyau suke biya. A ganina, galinar da ke cikin jijiyoyin zinare na arewa maso yamma ta fi amfani a matsayin alamar zinare da azurfa, da wuya ta kai yawan da za a kafa mahaƙar dalma a kanta. Gidan dalma da tutiya na ainihi a Nijeriya shi ne kwarin Binuwai, daga Enyigba da Ishiagu a Jihar Ebonyi, zuwa Arufu da Akwana, zuwa Zurak a ƙasar Wase da Gwana a ƙasar Alkaleri, inda jijiyoyin suka ratsa dutsen laka, kuma babbar matsalar masu haƙa a can ita ce ruwa. Duk da haka ba a yanke hukunci sai an auna, kuma akwai awon lantarki da ake yi a ƙasa, a tura wuta ta sanduna a ga inda dutse ke riƙe caji, wanda ke nuna tarin irin waɗannan ma'adinai masu ƙibiritu a zurfi. Wannan awo yana taimaka wa neman zinare ma, tun da sukan zauna tare.

Galinar tana da wata fuska da ba zan tsallake ba. A 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega, saboda ana kawo dutsen zinare mai dalma cikin gida ana dakawa ana niƙawa a bushe. A wasu duwatsun dalmar ta haura kashi 10 cikin 100. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka bukaci magani. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja. Tun da an ga galina a filinka, wajibi ne ka hana niƙa a cikin gari, ka hana ma'aikatanka komawa gida da kayan aiki a jikinsu, ka kuma sa a auna dalmar ƙasa da ta rijiyoyi tun kafin ka fara komai. Wannan awo na farko kariya ne ga mutanen wurin, kariya ne kuma gare ka ranar da za a tambayi wanda ya ɓata ƙasar, domin zaibar da masu haƙa ke kama zinare da ita ma tana nan a cikin rafukan.

Idan ƙasa da ramuka da awon lantarki suka yi nuni wuri ɗaya, sai a yanka dogayen ramuka a gicciye, zurfin mita 2 zuwa 3, a ga dutsen ido da ido a sassaƙi samfur. A nan ne katafila ke da amfani, kuma hayarta ta mako biyu ta wadatar. Bayan haka ne ake kiran injin huda, wanda shi ne ke cin mafi yawan kuɗin bincike, shi ya sa ba a kiransa sai an san inda za a kafa shi. Iri biyu ne aka fi amfani da su. Akwai mai aiki da iska, da ake kira RC, wanda ke farfasa dutse ya huro garinsa ta cikin bututu, ana tara na kowace mita a buhu. Yana da sauri da sauƙin kuɗi, amma in ruwa ya yi yawa samfur yakan gauraya. Akwai kuma mai baki na lu'ulu'u, wanda ke yanko dutsen kamar sandar rake, kaurin milimita 47.6 ko 63.5, a jera a akwatuna bi da bi. Wannan ya fi tsada, amma a jikinsa ake ganin yadda jijiya ta kwanta da abin da ke tare da ita. Ana tsaga sandar gida biyu a tsaye da zarto, rabi ya tafi gwaji, rabi ya zauna a ajiya don duk mai son tabbatarwa.

Injin burtsatse ba ya maye gurbin waɗannan. Na taɓa duba aikin wani bawan Allah da ya ɗauko masu haƙar burtsatse suka huda masa rami uku a miƙe a kan jijiya, aka kawo masa rahoton cewa an samu mita 40 na dutse mai zinare. Da muka auna kwanciyar jijiyar a ramin gargajiya da ke gefe, sai muka ga a tsaye take kusan kamar bango, kaurinta bai kai mita ɗaya da rabi ba. Injin ya bi cikinta ne daga sama zuwa ƙasa, kamar wanda ya zura tsinke a tsawon kara ya ce kaurinsa ke nan. Jijiya mai tsayuwa ana hudo ta ne daga gefe, a karkace kamar digiri 50 zuwa 60, domin a ratsa ta a san kaurinta na gaskiya. Duk rahoton da ya ba ka tsawon da aka ratsa bai faɗi kaurin gaskiya ba, ka tambaya.

Haka kuma kada ka yarda da ɗakin gwaji don sunansa kawai, ko na gida ne ko na waje. A cikin kowane samfur 20 akan saka ɗaya wanda an riga an san adadin zinarensa, da ɗaya na dutsen da babu komai a cikinsa, da ɗaya wanda aka raba biyu aka ba shi lamba daban, ba tare da masu gwajin sun sani ba. In wanda babu komai ya dawo da zinare, to injin niƙansu bai wanku ba, ko kuma wani ya sa hannu. Zuba garin zinare a samfur tsohuwar sana'a ce. A 1997 asirin kamfanin Bre-X na ƙasar Kanada ya tonu, bayan ya shelanta cewa ya gano ɗaya daga cikin manyan taskokin zinare na duniya a Busang ta ƙasar Indunusiya. Ashe barbaɗa zinare ake yi a samfur, masu hannun jari suka yi asarar biliyoyin daloli. Wannan abin kunya ne ya sa Kanada ta kafa ƙa'idar bayar da rahoto mai suna NI 43-101, wadda ita da ta Ostareliya mai suna JORC su ne masu zuba jari na waje za su tambaye ka. In har kana tunanin wata rana za ka nemi abokin tarayya ko bashin banki, to tun daga jakar farko a yi aikin yadda ƙwararren da zai sa hannu a irin wannan rahoto zai karɓa, in ba haka ba sai an sake shi daga tushe.

Ga yadda lissafin yake kasancewa in an gama. A ce huda ta tabbatar da jijiya mai tsawon mita 500, kaurin mita 2, zuwa zurfin mita 100. Wannan ya ba da mita kubik 100,000 (mita kubik ita ce mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi), kuma tun da kowace mita kubik ɗaya ta irin wannan dutse tana da nauyin kimanin tan 2.7, an samu tan 270,000. In matsakaicinsa giram 3 ne, zinaren ya kama kilo 810, wato kimanin oza 26,000, tun da oza ɗaya giram 31.1 ce. Daga ciki za a cire abin da inji ba zai iya kamawa ba, da dutsen banza da zai gauraya da mai kyau, da kuɗin kwashe tan da yawa na dutsen gefe kafin a kai ga kowane tan na jijiya. Irin wannan zai iya riƙe ƙaramar mahaƙa mai tsari, amma ba zai jawo babban kamfani ba. Don kwatanci, mahaƙar Segilola ta Jihar Osun, wadda ita ce babbar mahaƙar zinare ta zamani ta farko a ƙasar nan, ta fara aiki ne da tabbataccen adadi da ya haura oza 500,000 a kimanin giram 4 a tan. An san da zinaren wurin tun shekarun 1940, kamfanin Thor Explorations ya karɓi aikin a 2016 bayan wasu sun riga sun yi huda mai yawa, amma ba a zuba zinaren farko ba sai a watan Yuli na 2021. Sannan kafin a zaɓi inji sai an kai buhunan dutsen an gwada yadda zinaren ke fita. Na saman da ya ruɓe yakan fita da sauƙi ta hanyar wanki da jiƙo, na ƙasa kuwa in yana kulle a cikin ma'adinai masu asenik, injin wankin da abokanka ke so ka saya zai bar mafi yawansa ya bi ruwa.

Ta fuskar kuɗi, abin da nake ba masu irin matsayinka shawara shi ne su raba abin da suka ware kashi-kashi, kada a saki na gaba sai na baya ya ba da dalili, kuma a rubuta tun farko irin sakamakon da in ba a samu ba za a tsaya. Mafi yawan filayen da ake bincika a duniya ba sa zama mahaƙa, kuma wanda ya gane haka da kuɗin taswira da samfurin ƙasa ya tsira da jarinsa. In sakamakon ya yi kyau amma kuɗin huda ya fi ƙarfinka, bayanan da ka tara da tsari su ne hajar da za ka shiga ciniki da ita, wani kamfani ya yi hudar da kuɗinsa a ba shi kaso. Ka kuma sa tsaro a cikin lissafi, domin ba a aika ma'aikata su yanka layi a daji sai da yardar sarakunan wurin da sanin jami'an tsaro. Ka tuna cewa matsalar tsaro ce ta sa aka haramta haƙa a Zamfara daga 2019 har zuwa ƙarshen 2024. Masu haƙar da ka tarar kuwa, korarsu da ƙarfi ba ta cika haifar da ɗa mai ido ba, gara a zauna da su a shata inda za su tsaya, a ɗauki wasunsu aikin yankan layi da ɗibar samfur, tun da sun fi kowa sanin dajin.

Damina ba lokacin wannan aiki ba ce, ciyawa ta rufe duwatsu, ramuka sun cika da ruwa, gonaki kuma suna da shuka. Ka yi amfani da watannin ruwa wajen sayen bayanan NGSA, da ɗaukar masanin duwatsu mai rajista wanda albashinsa bai rataya a kan kyawun sakamako ba, da ziyarar masu gari da masu gonaki. Da an kawar da amfanin gona a watan Nuwamba sai a shiga auna ramuka da ɗibar ƙasa, ta yadda kafin watan Maris sakamakon farko zai dawo, a ga ko akwai wurin da ya cancanci a yanka rami kafin ruwa ya sake sauka.